Hannun Hagu a Kwanon Tuwo

Duk wasannin da ke Landan ɗana bai ga wanda ya yi masa ba sai besbol. Yaran unguwarmu a Barking ƙwallon ƙafa suke bugawa, shi kuwa ya kafe sai wannan na Amurkawa, duk Asabar mu tsallaka gari don a jefa ƙwallo a buge ta da kulki. Shi ne mai jifa, kuma ba don nawa ba ne, hannunsa na da kyau.

Kocinsu yana ƙirga kowane jifa. Da yaro ya cika adadinsa sai a cire shi, ko da ana cin su ne, a ce ya huta na wasu kwanaki. Ya yi mana bayani cewa gwiwar hannun yaro ba ta gama ƙwari ba, yawan jifa na lalata ta. Ni dai na ji. Maigidana kuwa dariya ya yi.

"Mu da muke wuni muna jifan mangwaro a Zariya, wa ya ƙirga mana? Lalaci kawai ake koya musu."

Daga nan ya sayo safar kama ƙwallo. Kullum ya dawo aiki sai su fita ɗan tsukukun filin bayan gida, yaron na jifa shi yana kamawa, tas, tas, har magariba. Na yi magana, na yi faɗa, har na gaji. Ya ce ai wannan ba wasa ba ne, motsa jini ne, kamar gwiwar hannu ta san bambanci.

Ana haka surukata ta zo hutu daga Kano. Ranar da na tuƙa tuwo, yaron ya sa hannun hagu a kwano. Hajiya ta yi salati.

"Abin da Turai ta koya maka ke nan? Cire min hannun nan!"

Ya cire. Washegari ya miƙa mata shayi da hagu, ta ƙi karɓa. Uban ya shiga yi masa wa'azin ladabi, aka kira ƙanin uban da ke unguwar Tottenham shi ma ya ɗora nasa ta waya. Gida ya cika da masana tarbiyya, babu wanda ya tambayi inda hannun daman ya shiga. Ni ce na kama shi a banɗaki yana goge baki da hagu. Na ce miƙe ɗayan in gani. Ya kasa miƙe shi, sai hawaye.

Ban nemi shawarar kowa ba na yi mana booking ɗin ganin likita, muka tafi har da uban. Likita ta duba hoton ƙashin ta ce wurin da yake girma ne ya ji rauni. Babu jifa sai bayan watanni, gasar da ya shekara yana jira ta wuce shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tanadi maganganun da zan sauke wa uban da zarar mun fita.

Sai likitar ta tambayi yaron me ya hana shi faɗa tun farko. Ya sunkuyar da kai. Da Turanci yake amsa mana kullum, ranar kuwa sai ya lalubo Hausarsa mai gargada, don kada likitar ta gane.

"In na faɗa, Baba zai daina dawowa gida da wuri."

Uban ya juya ya fuskanci bango. Ni kuma na rasa wanda zan yi wa faɗan.