Zauren Baffa Cikin Shuɗin Taswira

Jiya a ofishinmu na tsara gari aka buɗe sabuwar taswirar tsohon birnin Daura a kwamfuta, mai nuna tudu da kwari. Duk inda ruwa zai kwanta an shafa masa shuɗi. Na nemo unguwarmu, sai ga zauren marigayi Baffa, wan mahaifina, tsundum cikin shuɗin. Tun da aka cike kududdufin bayan gida aka gina shaguna, ruwa ba shi da wurin zuwa sai can.

Kafin kowace damina Baffa kan yi wa zauren yaɓe da hannunsa. Wata shekara na tarar yana cuɗa jar ƙasa da ciyawa, ƙamshinta ya cika lungu. Na ce, "Baffa, a sa siminti mana, ka huta."

Ya ce, "Ɗana, gida ba ya tsufa, masu shi ne ke gajiya."

Mun gaji kuwa. Kowa ya watse, bango ya tsage, kuma yanzu a ofis ni aka sa in ɗora wa zauren alamar rushewa.

Allah ya yalwata kabarinsa, ya ba shi gida a Aljanna, tunda na duniya ya fi ƙarfinmu.