Duk Mun Sha Ruwan Baba Mai Kofi

Kafin mai shara ya iso, Baba Mai Kofi ya riga ya buɗe ɗakin wasa. Haka na same shi yana yi lokacin da aka ɗauke ni aiki ina budurwa, ga shi yau ni ma har na yi jikoki. Yakan jingine kekensa a bayan ƙofa, ya rataye hularsa a ƙusar da kowa ya san tasa ce, ya hau dandamali yana taka katakan a hankali don ya ji wanda ya saki. In wani ya yi ƙara sai ya ɗauko guduma. Muna da kafinta, amma Baba ya ce ai ba kafinta ne zai faɗa ramin a gaban jama'a ba. Daga nan sai ya nufi famfo ya wanke wani tsohon kofin silba da ya lotse a gefe, ya cika shi da ruwa, ya ajiye a kan kujerar da ke bayan labule. Sannan ya zauna da takardun wasan yana motsa baki shi kaɗai.

Ni ce mai yi wa 'yan wasan ƙungiyarmu kwalliya, don haka na san fuskar kowa fiye da yadda iyalinsa suka san ta. Fuskar Baba kuwa ku ma kun san ta, sunansa ne ba ku sani ba. Shi ne yaron gida, shi ne mai gadi, shi ne direban da ke buɗe ƙofar mota. Sama da shekara arba'in yana dandamali yana fim, kuma yawancin maganarsa ba ta wuce "To, ranka ya daɗe" da "An yi baƙo" ba. A fim sunansa yakan fito ne can ƙasa, lokacin da masu kallo sun riga sun canza tasha. A kasuwa mutane kan tare shi su ce kamar sun san shi, ko shi ne yake gadi a gidan ƙanin mahaifinsu? Sai ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa, a gaishe da mutanen gidan.

Wanda maganarsa ba ta cika layi biyu ba, me yake haddacewa tun da safe? Na kowa yake haddacewa. Na jarumi, na jaruma, na alƙali, har na wanda zai mutu tun farkon wasa. Dalilin kuwa yana cikin kofin nan.

Duk wanda ya taɓa hawa dandamali ya san abin da muke kira kafewa. Kana tsakiyar magana, fitila a fuskarka, ɗaki cike da idanu, sai maganar ta ɓace ɓat, ko sunanka aka tambaye ka a lokacin sai ka yi tunani. To, da zarar wani ya kafe, sai ka ga yaron gida ya shigo da kofi, ko da babu shigowarsa a rubuce. Ya rusuna ya miƙa ruwa, kuma a cikin rusunawar nan ya raɗa wa mutum farkon maganarsa, bakinsa ko motsi ba ya yi. Mai wasa ya kurɓa, ya ajiye numfashi, ya ci gaba. Masu kallo su ɗauka haka aka tsara. Daga nan ne muka samu kalmarmu ta cikin gida: in aka ce wane ya sha ruwan Baba, an san ya kafe an cece shi.

Dogo, wanda yanzu hotonsa ke kan alluna a bakin titi, shi ya ba ni labarin nasa da bakinsa. Ranar da ya fara fitowa a matsayin likita ya kafe, ya yanke shawarar in ya samu ya sauka ba zai ƙara hawa ba. Sai ga kofi a gabansa. Bayan an tashi ya je yin godiya, Baba ya dube shi kamar bai gane ba, ya ce shi dai ya ga alamar ƙishirwa ne kawai. Darakta bai taɓa jin labarin kafewar Dogo daga bakin Baba ba, haka ma na duk wanda ya taɓa cetowa.

A wajen ɗaukar fim kofi ba shi da amfani, tunda ana iya tsayawa a sake. Amma can ɗin ma akwai tsawar darakta, wadda ta kori yara masu baiwa da yawa. Mai ɗaukar hotonmu ya rantse mini cewa ya sha gani ta cikin kyamara: in sabuwar 'yar wasa ta fara inda-inda, sai Baba ya saki faranti ko ya yi tuntuɓe da tabarma, a tsaya saboda shi, faɗan ya sauka a kansa. Har aka riƙa cewa Baba sakarcin hannu gare shi. Mutumin da bai taɓa zubar da ɗigon ruwa ba a kan dandamali!

Kai ne, Baba, ka ɗauki zagin da ba naka ba ka tafi da shi gida a kan keke. Kai ne mai shigowa ba a kira ka ba, mai fita ba a tafa maka ba. Mai kofi, mai rufin asirin masu suna. Wallahi ina son ka son da nake yi wa mahaifina, kuma ban ji kunyar rubuta shi ba.

Mutum ɗaya ce a duk ƙungiyar ba ta taɓa shan ruwan nan ba, ita ce Gwaggo. Kusan tare suka fara da Baba, kuma kullum ita ce matar gida shi ne yaronta, har abin ya bi su waje: tana kiransa Yaro, shi kuma yana kiranta Hajiya, ga furfura a kan kowannensu. Kanta kamar rikoda yake, kuma tana ji da hakan. In ta wuce kujerar bayan labule sai ta ce ya kai wa masu ƙishirwa, ita da ƙoshinta ta zo. Shi kuwa ya ce yana nan yana jira, ruwa ba ya tsami. Wannan tsokana tasu ta girmi wasu daga cikin 'yan wasanmu.

A kujerata na fara lura da abin. Baba ya tambaye ni lafiyar maigidana, na amsa, kafin in gama shafa masa hoda ya sake tambaya. Wata rana ya wuce ƙofar ɗakin wasa a kan keke, sai da mai shagon kusa ya kira shi. Autarsa, wadda take aikin jinya, ta kai shi wajen likita, aka ce mantuwa ce irin wadda ba ta komawa baya. Baba da kansa ya je ya gaya wa darakta cewa lokacin ajiye aiki ya yi. Darakta ya ce ba zai tafi haka ba, ya shirya wasan ban kwana, ya ba shi matsayin maigida, da doguwar magana a ƙarshe inda uba yake sallamar iyalinsa kafin tafiya. Dogo ya baro aikinsa ya zo ya ce shi zai fito yaron gida.

Auta ba ta yarda ba. Ta same mu a ɗakin kwalliya idonta ya yi ja, ta ce an gayyato duk waɗanda suka taɓa aiki da shi, in ya tsaya a gabansu baki buɗe, da wannan za a riƙa tuna shi. Gaskiya ta faɗa, kuma dukanmu abin da muke tsoro ke nan. Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya nuna mata kujerar maigida da ke kan dandamali.

"Auta, tun ba a haife ki ba nake goge kujerar can," in ji shi. "Ki bar ni in zauna a kanta sau ɗaya, tun ina gane ta."

Haka ta haƙura. Aka ce a sa wani ya riƙa raɗa masa daga bayan labule, amma kunnensa ya yi nauyi. Aka ce ya riƙe takarda kamar yana karantawa, ya ce bai taɓa yi ba, ba kuma zai fara ranar ƙarshe ba. A wajen gwaji, yau maganar ta zo masa tsaf, gobe ta tsaya a rabi. Abin da ya ba mu mamaki shi ne na sauran mutane bai ɓace masa ba, in wani ya yi tuntuɓe da kalma za ka ga leɓensa ya motsa.

Ranar wasa ɗaki ya cika tun da la'asar. Da ina ƙarama ni nake zuba masa farar hoda a gashi don ya yi kama da tsoho, ranar kuwa babu abin da zan ƙara. Yana sanye da babbar rigar maigida, amma sai da ya je famfo ya cika kofinsa ya ajiye a inda ya saba. Na tambaye shi wa zai kai wa yau. Ya ce, "Ba a sani ba, 'yata."

Wasa ya tafi lafiya har fitowa ta ƙarshe. A tsarin, maigida zai miƙe ya kira iyalinsa, Gwaggo ta yi masa tambaya, ƙarshen tambayarta ne zai buɗe masa doguwar maganarsa. Baba ya miƙe daga kujerar, ya buɗe baki, shiru. Ya dubi hannunsa, ya dubi fitila. Muna jin ƙarar fanka. Auta tana layin gaba, na ga ta ja mayafi ta rufe fuska. A kusa da ni Dogo ya ɗauki kofin zai shiga, darakta ya riƙe masa riga, don rabin mutanen ɗakin nan sun taɓa shan ruwan, suna ganin kofi za su san abin da ya faru.

Sai Gwaggo ta tsallake ta fara tambayarta. Ta ce, "Maigida, kafin ka sa ƙafa a waje, yaran nan…" ta tsaya. Ta sake cewa "yaran nan," ta dubi sama, ta dafa maƙogwaro, idonta ya fara yawo irin na wanda ya kafe. Na ce a raina yau mun shiga uku, biyu a lokaci ɗaya.

Baba ya juyo ya dube ta. Na san fuskar nan, kuma a gabana na ga mutumin ya dawo cikinta. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya irin ta mai gida da gaske.

"Yaro, kawo wa Hajiya ruwa."

Dogo ya shiga da kofi yana rusunawa. Baba ya karɓa daga hannunsa, ya taka har inda take, ya sunkuya ya miƙa mata da kansa, bakinsa ko motsi bai yi ba. Gwaggo ta kurɓa, ta ajiye numfashi, ta kawo tambayarta cikakkiya. Tana dire kalmar ƙarshe ya ɗauka, ya zubo maganar nan tun daga farko har ƙarshe, ya sa wa kowa albarka, bai yar da ko harafi ba. Jama'a suka miƙe tsaye. Auta ce ta riga kowa hawa dandamali, ko takalmi babu a ƙafarta ɗaya.

Ina goge wa Gwaggo kwalliya na tuna cewa ɗazun nan, a kujerar nan, ta karanta mini wannan tambaya tiryan-tiryan ina ɗaura mata ɗankwali. Na ce, "Gwaggo, yau me ya same ki?" Ta dube ni ta cikin madubi, ta ce tsufa ne, ni ma yana nan zuwa mini, in yi aikina. Ban sake tambayarta ba, abin da nake zato kuma na bar shi a cikina.

Yanzu Baba yana gida. Auta ta ce ya manta tafin da aka yi masa, ya manta doguwar maganar, wani lokaci har ya tambayi inda kekensa zai kai shi. Abu ɗaya ne bai manta ba, kullum da safe sai ya ba ta labarinsa yana dariya har da hawaye: a ƙarshe dai Hajiya ta sha ruwansa. Gwaggo takan je gaishe shi duk mako, ya tsokane ta, ta ɓata rai ta ce sau ɗaya ne dai, kada Yaro ya cika mata kunne.

Ku da kuke tasowa a wannan sana'a, da ku da kuke wata sana'ar daban, ku koyi haddace na ɗan'uwanku. In kun ga ya kafe ku kai masa ɗauki ta yadda masu kallo ba za su gane ba, kuma kada ku ba da labari.

Baba, Auta ta yi mini alkawarin za ta karanta maka wannan, in ka manta ta sake karantawa. Mun gode. Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Kofinka yana nan a kan kujerar bayan labule, ni nake cika shi yanzu. In kuma Hajiya ta zo tana musu, ka ce a kira mai kwalliya. Ina tsaye a wurin, da idona na gani, ta sha.