Motar Da Baba Ke Zama A Ciki

Lokacin da abin nan ya faru ni ba yaro ba ne. Na yi aure, ina da shagon gyaran waya a Mokola, kuma ina ɗaukar kaina wayayyen gidanmu. A Sabo aka haife ni, a nan Ibadan na yi boko, Yarbanci a bakina kamar na gada, kuma duk abin da ya lalace a gida, daga fanka har injin markaɗe, ni ake kira. Wannan ya sa na ɗauka duk abin da ya daina aiki jirana yake in zo in tashe shi. Na rubuto muku ne don na kasa faɗa wa kowa da baki, kuma ina roƙon a sakaya sunana.

Babana direba ne tun kafin a haife ni. Da wata farar akori-kura ya ci da mu, yana ɗauko buhunan albasa da kwandunan tumatir daga Kasuwar Shasha zuwa cikin gari. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai aka tura motar gindin katangar gidanmu, ba ta sake motsawa ba. Tayoyi suka sace, aka tokare ta da bulo, ruwan Ibadan ya yi ta dukanta har tsatsa ta cinye ƙasan ƙofofin. Amma kullum bayan la'asar sai a kamo Baba a zaunar da shi a kujerar direba, ƙofa a buɗe, hannunsa mai lafiya a kan sitiyari. Tsofaffin abokansa su hallara, wasu su shimfiɗa buhu a bayan motar, wasu su jawo benci cikin inuwarta. A kan bonet ake ajiye goro da butoci, rediyo kuma a rataye jikin madubi. Nan suke hira har a kira magariba. Ni kuwa duk sanda na dawo na gan su sai kunya ta kama ni, in ce a raina ga uban mai gyara zaune cikin gwangwani.

Akwai abin da ya kamata ku sani game da ni da Baba. Ni ne ɗan fari, kuma shi mutumin da ne, bai taɓa kiran sunana ba. In zai ambace ni sai ya ce mai shago. In na shiga gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ƙanwarsa, wadda muke kira Goggo, ita ta raine ni, kuma duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakinta take bi. Haka na taso na gani, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

A shago, in babu aiki, na kamu da kallon bidiyon mutanen da ke ɗauko matattun motoci daga jeji su mayar da su kamar yau aka ƙera. Ba sana'a nake nema ba, sha'awa ce kawai ta shige ni, har ta kai ina mafarkin abin. Sai na ce ai ga tamu a ƙofar gida. Zan tashe ta, in sa Baba a gaba, in zaga da shi Shasha ya ga tsofaffin abokan cinikinsa. Na gaya wa Goggo tana cikin suyar wainar sayarwa. Ta ce in da zan ji ta tata da na bar wa tsoho kayansa. Na nace, sai ta wanke hannu ta shiga ɗakinsa. Da ta fito ta ce ya ce Allah ya ba da sa'a, bai ƙara komai ba. Ta tsaya tana kallona kamar akwai saura, ni kuwa har na fara neman lambar mai janwe, motar da ke jan motocin da suka lalace.

Da hantsi janwe ya zo ya ɗauke ta zuwa garejin wani bakanike Bayerabe a wajen Akinyele, mutum mai son tsofaffin motoci kamar ni. A bidiyon sun ce matakin farko shi ne a wargaza mota gaba ɗaya, don haka muka wargaza. Muka sauke inji, muka ɗaga bodi, muka kai ƙofofi wurin mai walda. Kujerar direba ta lotsa daidai zaman Baba, soso ya fito, na cire ta na jefa a bola. Sitiyarin da ya naɗe da robar taya da hannunsa, na sa wuƙa na yanke robar. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin watannin nan. Duk ranar Lahadi ina can daga safe, hannuna baƙi da man inji, muna cin amala a gindin mangwaro, bakanike yana kirana oga yana cewa irin wannan ƙarfen ba a yin sa yanzu. Kayan gyara sun yi wuya, wani sai an yi makonni ana cigiya. Abin da na ce ba zai wuce bayan ƙaramar Sallah ba ya kai wata ƙaramar Sallar.

Abin da ke faruwa a gida daga baya na haɗa shi. Ranar da aka ɗauke motar, da la'asar aka fito da Baba aka ɗora shi a kujerar roba. Babu inuwa, rana ta doke shi. Babu sitiyarin da zai riƙe, jikinsa ya yi ta zamewa gefen da ya shanye, ana gyara shi a gaban mutane. Abokansa sun zo kwanaki kaɗan, suka rasa wurin zama, sai suka koma rumfar mai shayi a ƙetaren babbar kwata, inda ba a iya ɗaukar Baba a kai shi. Suna leƙowa su gaishe shi a ɗaki, amma gaisuwa daban, hira daban. A hankali ya daina cewa a fito da shi.

An gaya mini, ba a ɓoye mini ba. Sau da yawa Goggo takan ce Babanka ya tambayi mota. Ni kuma sai in ɗauka ɗoki yake, in ciro waya in nuna mata hotunan inda aka kai, in ce ta gaya masa saura ƙiris. Wani amininsa mai sayar da goro ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce ko babu inji a dawo musu da ita haka nan, su ba tafiya za su yi ba. Na yi dariya, na zaci zolaya ce irin ta tsofaffi. Shi bai yi dariya ba, ya sa takalmansa ya tafi.

Ranar da na dawo da ita, da kaina na tuƙo ta har ƙofar gida, fenti yana ɗaukar ido, ina danna ham. Unguwa ta taru, mata suna leƙe daga zaure. Na ajiye ta a wurinta na da, na ce a fito da Baba. Sai da aka fito da shi cikin haske na ga yadda ya ƙare, domin ni da nake gaishe shi kai a ƙasa na daɗe ban dubi fuskarsa ba. Na buɗe masa ƙofar direba na koma gefe. Ya daɗe yana kallon motar, bai miƙa hannu ba. Sannan ya motsa baki, Goggo ta sunkuya ta saurara. Da ta ɗago ba ta so ta faɗa ba, sai da na matsa mata. Ta ce ya ce mota ta yi kyau, Allah ya sanya alheri, amma a roƙi mai ita ya matsar da ita gaba, nan wurin motarsa ne, an kai ta gyara za a dawo da ita.

Na shiga na matsar da ita. Ban ji komai ba, na tuna har sigina na kunna. Abokansa da suka zo kallo sun tsaya nesa, hannu a baya, ba wanda ya zauna a kanta don kada ya ƙarce fenti. Har yau ban sani ba ko hankalin Baba ne ya gushe a zaman ɗaki, ko kuwa ya gane ta sarai, wannan ce kawai hanyar da zai iya gaya mini. Na tambayi Goggo, ta ce ita ma ba ta sani ba. Ba a sake fito da shi ba sai ranar da aka kai shi makwancinsa, kafin damina ta ɗauke.

A wurin zaman makoki ban yi kuka ba, mutane suna ta yaba dauriyata. Ba dauriya ba ce, babu abin da nake ji ne. Motar tana harabar wani abokina a lulluɓe da tamfol. Masu so sun taya, ban sayar ba, ban kuma sake tuƙa ta ba. Ina zuwa shago, ina gyara waya, ina komawa gida.

Abin da na koya shi ne ba duk abin da ya tsaya ne ya mutu ba. Motar nan tana aiki a lokacin da na ɗauke ta, aikin ne ban gane ba, domin ban taɓa zama da su ko na yammaci ɗaya ba. Ga masu sha'awar tada tsofaffin motoci, ban ce ku fasa ba, amma kafin ku kira janwe ku duba wa ke amfani da ita a yadda take. Ga 'ya'yan fari irina kuma, uban da ba ya kiran sunanka ba zai buɗe baki ya ce maka a'a ba. In ya yi maka addu'a ya yi shiru, kada ka tashi da gudu, ka koma wurin wanda ya kai saƙon ka tambaye shi yadda fuskar tsohon take lokacin da ya faɗa. Ina roƙon masu karatu su sa Baba a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa wata rana in iya yi masa kuka.