Kifi a Ƙarƙashin Filin Makaranta

Yayata ta yi shekara ashirin da bakwai tana aikin da har yau danginmu ba su iya faɗin sunansa ba. In an tambayi innarmu, sai ta ce, "Tana yi wa gwamnati ƙirgar kwaɗi." Gaskiyar maganar ita ce, duk mai son yin babban gini, kafin hukumar tsara gari ta ba shi izini, sai an tura wani ya duba filin: me ke tsirowa, me ke rayuwa, ta ina ruwa ke bi. Yayata ake turawa.

Ba da babban karatu ta fara ba. Wankin kwalabe aka ɗauke ta yi a ɗakin gwaji na ofishin muhalli, sai ta ishi kowa da tambaya, har suka gaji suka tura ta kwas. Ɗakinta cike yake da busassun ganyaye a tsakanin tsofaffin jaridu. Mijinta tela ne, mai haƙuri, kuma yakan rantse cewa ya taɓa buɗe firij neman ruwan sha ya tarar da 'ya'yan kwaɗi suna kallonsa. Takalmin roba take sawa ko a tsakiyar rani. Ni kuwa, ƙaninta, na daɗe ina ganin aikin nata ɓata lokacin mutane ne kawai.

Shugaban makarantar firamare ne ni. Aji shida na yaranmu a rumfar kwano suke karatu, in hadari ya taso sai a kwashi littattafai a ruga. Da ƙyar muka samu aka ba mu wani fili a bayan katanga, aka zana mana ajujuwa shida. Kwamitin ba da izini zai zauna sau ɗaya kafin damina, magini kuma ya ce in ba a zuba harsashi kafin ruwa ba, sai baɗi. Rahoton muhalli kaɗai ya rage. Da na ji Yaya za a turo, har barka na yi wa kaina, duk da ta gaya wa shugabanta cewa ƙaninta ne mai fayil ɗin, shi kuma ya ce ba shi da wanda ya kai ta ido.

Ta zo da hantsi. Filin ƙasa ce baƙa, duk ta tsattsage, ko ciyawar kirki babu. Ina bin ta a baya ina surutu, tana tafiya kamar mai neman allurar da ta faɗi.

"Yaya, ko akuya ba ta tsayawa a nan," na ce. "Ki sa hannu mu koma inuwa."

"Ka taɓa ganin wurin nan da damina?"

"Bana aka ba mu shi."

Ta ci gaba da tafiya. Can ta tsuguna gaban wani ɗan rami da bai fi kaurin babban yatsa ba, ta sunkuyar da kai ta daɗe tana dubawa. Ta ce in kawo mata diga. Da kanta ta haƙa kewaye da ramin, a hankali, har ta ciro wani dunƙulen busasshiyar laka da ya kai girman matashin kai. Ta rungume shi zuwa ofishina, ta ajiye cikin bahon da muke wanke kofuna, ta kwarara masa ruwa bokiti biyu.

"Zauna," ta ce.

Na zauna ina cika ina batsewa. Aka kaɗa ƙararrawar tara, aka dawo, aka tashi, makaranta ta yi tsit. Yaya tana cike takardunta, ni ina kallon taɓo yana narkewa a bahon shayin malamai.

Wajen la'asar lakar ta motsa. Na ɗauka idona ne. Sai gefenta ya ɓare, wani abu mai kama da busasshen ganye ya yage, doguwar jela ta warware sannu a hankali. Kifi ne, tsawon kamu ɗaya, mai ruwan toka. Ya ɗago kai sama da ruwa ya buɗe baki ya ja iska, na ji ƙarar da kunnena. Ƙasar nan da tafin ƙafa ba ya iya takawa da rana, ashe akwai mai rai kwance a cikinta wata bakwai, ba ci ba sha, yana jiran ruwa. Ban san lokacin da na durƙusa gaban bahon ba.

"Gaiwa ce," in ji Yaya. "In ruwa ya janye sai ta shige laka ta naɗe kanta, ta bar wannan ɗan ramin tana numfashi. Irin ramin nan arba'in da ɗaya na ƙirga, ban ma kai ƙarshen filin ba."

"Arba'in da ɗaya, a inda za mu sa aji?"

"A inda ruwa ke kwana wata huɗu duk shekara. Gaiwa ba ta zama a wurin da ruwa ke wucewa kawai."

Na roƙe ta. Na ce in filin kwari ne, a cike shi da ƙasa mana. Ta ce in na cike, ruwan ba zai fasa zuwa ba, gidajen iyayen yarana zai nufa, ga kuma duk abin da ke hayayyafa a wurin. Na ce ta tuna nono ɗaya muka sha. Ta dube ni irin kallon da take yi min tun ina rarrafe.

"Shi ya sa na haƙo maka ita, auta. Wasu takarda kawai nake ba su."

Rahoton da ta rubuta bai hana ginin ba. Ta auna tudun da ke gefen gabas ta nuna cewa zai ɗauki aji huɗu, a bar kwarin yadda yake. Kwamiti ya ba da izini a kan haka. Gaiwar kuwa, tunda an tashe ta ba a iya mayar da ita barci, sai Yaya ta ajiye ta cikin duro a tsakar gidanta har ruwa ya sauka.

Aji huɗu muka samu. Biyu suna nan a rumfa, yara tamanin da uku, kuma ni na karɓi ɗaya ina koyarwa, don ban ga fuskar da zan tura wani malami ba. Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, muka kwashi littattafai muka ruga barandar sabon gini, rigata sharkaf, raina a ɓace da Yaya. Da aka ɗauke, na leƙa ta kan katanga. Turakun da magini ya kafa tun farko, alamar ajin 'yan aji ɗaya, kawunansu kaɗai ake gani a saman ruwa.