Hodar Lamba Bakwai

Ɗalibai suna kiranta Anti Bari-mu-gani, domin duk wanda ya kawo mata abin gwaji yana zumuɗi, abin da take fara cewa ke nan. Shekara ashirin da uku ta yi a ɗakin ƙasa na sashen kimiyyar sinadarai, ɗaki mai sanyi marar taga, daga ita sai na'urar maganaɗisu mai girman tankin ruwa. Ba a matsawa kusa da na'urar da agogo ko mukulli. Aikinta ta narkar da abin da aka kawo a siririn bututun gilashi, ta zura shi cikin na'urar, takarda ta fito da layuka, wasu dogaye wasu gajeru. Daga layukan nan take gane yadda ƙwayoyin sinadari suka riƙe juna. Ba ta da babban digiri, amma malamai kan sauko su tsaya a bayanta shiru kamar masu jiran likita.

Maigidanta kuwa a masana'antar haɗa rini yake. Mutum ne mai barkwanci, Farfesa yake ce mata.

"Ke kina karanta layi, ni ina bin layi," in ji shi, "duk dai harkar layi ce ke ciyar da gidan nan."

A shekararsa ta goma sha tara a wurin ya fara ganin jini a fitsari. Ya ɓoye har wata huɗu, sai da ta gani da idonta wajen wanki. A asibiti likita ya tambaye shi me yake taɓawa a wurin aiki. Ya ce hoda ce a buhu, babu rubutu, lamba bakwai kawai suke ce mata. Da suka fito ta ce masa, "Baban yara, gobe ka ɗebo mini kaɗan." Ya kawo a ƙunshin takarda, fara mai ɗan ja-ja.

Ranar Talata da hantsi ta saka ta a na'ura. Takardar ta fito ba hayaniya, layuka kala uku kacal. Biyu tagwaye ne, a gefen da zoben kabon ke fitowa. Na ukun faffaɗa ne, kamar an zauna masa a kai. Ta ɗiga wani ruwan gwaji da ake kira ruwa mai nauyi a bututun, ta girgiza, ta sake gwadawa, faffaɗan ya ɓace. Wannan ya nuna mata haidirojin ne da ke maƙale da naitirojin. Ta auna kabon, layi huɗu. Amma nauyin ƙwayar, da ta sa aka auna a ɗakin sama, ya ninka abin da layukan suka nuna. Ke nan rabi biyu ne iri ɗaya sak. Ta ɗauki fensir ta zana zobe biyu haɗe da juna, kowanne da naitirojin a ƙarshensa.

Ba ta buɗe littafi ba. Ta san sinadarin. Tun tana ɗaliba aka koya musu cewa yana kawo kansar mafitsara, ƙasashe da yawa sun hana aiki da shi. Ta sake gwajin sau uku ko za a dace ta yi kuskure. A duk rayuwar aikinta ba ta taɓa samun amsa mai sauƙi irin wannan ba.

Da ta koma gida ta sami maigidan a bakin gado yana ɗinke takalmin autarsu.

"Farfesa, me layin ya ce?"

Ta miƙa masa zanen. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ai wannan tabarau ne." Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya ajiye allurar. Ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Mu tara ne a ɗakin haɗin nan," ya ce.

Ta rubuta rahoto shafi shida, shugaban sashe ya ce ba zai sa hannu ba, tunda hodar ba ta hanyar ofis ta shigo ba. Ta kai da kanta ofishin kula da lafiyar ma'aikata, aka buga hatimi, aka ce za a neme ta. Masana'antar ta sauya buhunan, lamba bakwai ta koma lamba goma sha biyu. An yi wa maigidan tiyata sau biyu, ya rasu bayan wata goma sha huɗu.

Har yanzu tana ɗakin ƙasan, saura shekara biyu ta yi ritaya. Ta bi sauran mutum takwas ɗin gida-gida. Uku sun bar aikin, sauran suka ce in sun bari su ci me. A watan jiya ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai in'ina, ya zo har bakin ƙofarta da takardar asibiti a hannu, ya ce, "Matar yaya, d-duba mini wannan." Ta karanta a tsaye, sannan ta jawo masa kujera.