Ranar da 'Yar Kusada Ta Shiga Ajina

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Kankia, ba zan manta ranar da ƙawata ta shiga ajina ba. 'Yar Kusada ce, benci ɗaya muka zauna a sakandare. Ni na tsaya a koyarwa, ita karatu ya yi ta janta har ƙasar waje, inda ta zama mai bincike a kan nutirino, wasu ƙwayoyi ƙanana ainun da ke kwararowa daga rana suna ratsa dutse da ƙarfe da jikin mutum ba tare da an ji su ba.

A gida ba wanda ya fahimci aikinta. An dai ji cewa a ƙarƙashin ƙasa take yinsa. Gwaggonta ta taɓa tare ni a wani suna tana cewa, "Ke da kuka yi boko tare, mi take nema a rami? Zinari?" Na yi dariya, amma ni ma ɗin ban san amsar sosai ba.

Wata damina ta zo ganin gida, na roƙe ta ta leƙo ɗalibaina. Ta zo da atamfa da mayafi kamar kowa, ta rame ƙwarai. Da na yi magana sai ta ce, "Malama, abincin can ne bai karɓe ni ba."

Ta zana musu wani ƙaton tankin ruwa da aka binne a cikin dutse, bangonsa cike da idanun gilashi masu jiran ɗan ƙyallin haske. Ta ce sai a daɗe ana jira kafin ƙwaya ɗaya ta yi karo da ruwan, aikinta kuwa shi ne bambance ƙyallin gaskiya da na ƙarya. Sannan ta ciro wani ɗan akwati daga jaka ta kunna. Can sai ya yi ƙara, ya yi shiru, ya sake yi.

"Wannan bai isa ya kama nutirino ba," in ji ta, "wasu ƙwayoyin ne masu saukowa daga sama yake ji. Ta kwanon ajin nan suka shigo."

Duk 'yan ajin suka ɗaga kai. Wata yarinya 'yar Rimaye ta ce, "Anti, har mu suna ratsawa?"

"Har ke, tun ranar da aka haife ki."

Aka buga ƙararrawar tashi, ba wadda ta motsa. Da na raka ta bakin ƙofa ta ce tana so ta koya wa malaman kimiyya na Kankia da Kusada haɗa irin wannan akwatin kafin ta koma. Muka bi makarantu, ko'ina aka ce jarrabawa ta matso, a bari sai wani zuwan. Murmushi kawai ta yi, ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Ba ta sake zuwa ba. Ashe ta san ciwon da ke jikinta, sallama ta zo yi.

A zaman makoki ne Kusada ta san wadda ta haifa. Wayar yayanta ba ta huta ba. Mutane daga ƙasashen da ba mu taɓa tunani ba suka yi ta kira, wasu suna kuka. Ɗaya ya ce ita ta duba digirinsa na uku. Wata ta ce da hanyar da ta fitar suke tace sakamakonsu har gobe. Yayan yana fassarawa, gwaggon nan ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Ashe haka take, muka bar ta tana ta gaishe-gaishe?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ilimin da duniya ta yi layi ta ɗiba ya zo har ƙofarmu, ya yi sallama, muka ce ya dawo an jima. Tun daga nan na gane cewa idan Allah ya kawo maka mai sani, ka shimfiɗa tabarma a ranar. Jarrabawa tana dawowa kowace shekara, mutum kuwa ba lallai ba ne.