Tsagar Saifar da Na Yi wa Ɗana

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, a wani ƙauye tsakanin Kunci da Ɗambatta. A wancan lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Ƙaho, kaciya, tsagar saifa, babu gidan da askata ba ta shiga ba.

Ɗana na uku ya zo duniya da shawara, ido kamar ɗorawa, kashinsa fari fat. Yana wata biyu aka yi masa aiki a Kano. Likita ya ce hanyar da ruwan maɗaciya ke fita daga hanta ce a toshe, ya kuma ja mana kunne cewa aikin ba warkewa ba ne gaba ɗaya, a riƙa kawo shi ana dubawa har girmansa. Muka yi shekara biyu muna zuwa, yaro ya yi ɓulɓul, sai na ce zirga-zirgar ta isa haka nan.

Yana aji uku a firamare cikinsa ya fara tasowa ta hagu, da tauri. Uwarsa ta yi ta roƙona mu koma asibiti. Na daka mata tsawa, na ce saifa ce kawai, yara nawa na tsaga suka miƙe? Na kwantar da shi a zaure na yi masa tsaga ƙanana a ƙasan tabon aikin. Wallahi jinin nan ya ƙi tsayawa! Na danne, na ɗaure, a banza. A kan babur muka kai shi asibiti, ya yi laushi a hannuna. Likitan bai zage ni ba, da ma ya zage ni na huta. Ya ce hantar ce ke lalacewa a hankali, ita ta kumbura saifar, ita ta hana jinin daskarewa.

Allah ya tashe shi, amma yau ɗan zazzaɓi kaɗan sai Kano. Ga ƙaiƙayi, ga magani kullum, ga maganar dashen hanta da ba mu da halinsa. Na gaji, uwarsa ta gaji, shi kuwa ba a magana.

Don Allah iyaye, yaron da aka yi wa wannan aiki kada ku yanke masa asibiti don kun ga ya yi ƙiba. 'Yan'uwana wanzamai, cikin da kuka ga tabon likita, ku mayar da aska kube. Ɗan nawa idan ya tuɓe riga yakan nuna wa abokansa, ya ce babban tabon na likita ne, ƙananan na Babansa. Ko haushi babu a muryarsa, ni dai nake tashi in bar wurin.